MATLAB da biro a takarda

Shekaranjiya ƙanwata da ke aji ukku a wata jami'a can gida Katsina ta turo min hoton littafinta ta WhatsApp, wai Yaya duba min muna da tes. Ina buɗewa sai ga umarnin MATLAB, manhajar lissafi ta kwamfuta, shafi huɗu cur an kwafe da biro daga allo, haddacewa za su yi. Na ce kin taɓa buga ko layi ɗaya a kwamfuta? Ta ce ina, lab ɗin kullum a kulle, ranar da aka buɗe kuma ba wuta. Wallahi raina ya ɓaci, don mu ma haka aka yi mana.

Nan Malesiya inda nake digiri na biyu, ranar farko malamin ko minti goma bai yi yana bayani ba ya ce kowa ya kunna kwamfuta, ya ba mu aiki ya shiga zagayawa yana leƙa na kowa, ni kuma jan rubutu sai fitowa yake wai akwai kuskure, na daɗe ina nema kafin in gano alamar baka ɗaya ce, wato ( ), ban rufe ba. Abin da na fahimta a wannan zaman ya fi na samista guda a gida, kuma ba don malamanmu ba su iya ba ne, akwai gwanaye sosai, hannun ɗalibi ne kawai ba ya taɓa aikin. Shi kansa Cleve Moler da ya ƙirƙiro MATLAB a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar New Mexico, don ɗalibansa ya yi shi, su riƙa gwada lissafi da kansu ba sai sun koyi yaren kwamfuta na Fortran ba.

Za a ce lasisin MATLAB da tsada, gaskiya ne. Amma Octave, wata manhaja irin MATLAB, kyauta ce kuma yawancin umarninsu iri ɗaya ne, GeoGebra kuwa, wata manhajar lissafin, ko a waya tana aiki, ɗalibi nawa ne yau ba shi da waya? Laftof biyar da caji sun ishi aji in aka raba su rukuni-rukuni.

Na ce wa ƙanwar tawa ta ari laftof ta sa Octave ta rubuta magic(3). Hatimi ya fito mata mai gida tara, ta ko'ina ka haɗa 15, irin lissafin da Malam Muhammadu al-Katsinawi, ɗan ƙasarmu da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi a kai. Can dare sai ga saƙonta, Yaya na sa 4 ya ba ni 34 ta ko'ina, in sa 5?