Alhaji da Zanen Turawa

Ɗan Boko ya shimfiɗa takarda a teburin mai shayi, bayan babbar kasuwar Garwa, a ƙasar Kamaru.

Ɗan Boko: Kawu, don Allah a ba ni minti 20. Shirin jarrabawar IELTS nake, ta gwajin iya Turanci, sai na rubuta kalma 150 a kan wannan zanen.

Alhaji: Wane zane? Wannan da kamar kaza ta taka tawada?

Ɗan Boko: Jadawalin layi ne. Shekaru a ƙasa, adadi a gefe. Wannan layin shan shayi ne a wata ƙasar Turai, wancan na kofi.

Alhaji ya ɗora tabarau. Ba na gani ba ne, na zuwa ɗaurin aure ne.

Alhaji: Shayi ya faɗi. Rubuta: sukari ne ya yi tsada.

Ɗan Boko: Ba a son dalili, Kawu. Abin da ido ya gani kawai: ya hau, ya sauka, ya tsaya cik, ga inda layukan suka haɗu.

Alhaji: Abu ya faɗi ba dalili? Shekara talatin ina kai albasa Yola, ban taɓa ganin kaya ya faɗi don ganin damarsa ba. In ba sukari ba, 'yan kwastan ne. Sa 'yan kwastan.

Ɗan Boko: Babu su a takardar.

Alhaji: Ai ba a ganinsu sai ka iso shinge.

Mai Shayi: Ni dai ban yarda ba. Wa ya ƙirga masu shan? Ni ba wanda ya zo ya tambaye ni.

Ɗan Boko: Ra'ayi sai a kashi na biyu, mai kalma 250, shi ne ma makinsa ya ninka na wannan. Nan da fari ka faɗi abin da zanen ke nunawa da kalmominka, sai ka dunƙule shi a jimla ɗaya ko biyu, sannan ka tsinci manyan lambobi ka kwatanta. Ba kowace lamba ake kwashewa ba.

Alhaji: Turanci za ka koya mini? Ni da na yi ciniki da Ibo a Mubi? Rubuta: i go of, i kom dawun. Shi ke nan.

Ɗan Boko: Saura kalma 144.

Alhaji: Maimaita.

Ɗan Boko: Maimaici yana rage maki. Ni 7 nake nema cikin 9.

Alhaji: Tara? Ka hau mota zuwa Gaundare, ka kwana a jirgin ƙasa har Yawunde, ka zuba musu sefa mai kauri, duk a kan tara? Ƙasar da aka ce Turanci harshen gwamnati ne, amma sai ka biya a shaida ka iya?

Ɗan Boko: Kuma bayan shekara 2 takardar ta tashi aiki.

Alhaji: Turancin ruɓewa yake? Albasa ce?

Nan wutar unguwa ta ɗauke. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Mai Shayi ya haska fitilar waya, ya buɗe littafin bashi, ya ja layi a bayan kwalin madara.

Mai Shayi: Ɗan Boko, gwada wannan. Shayin Alhaji ne.

Ɗan Boko: A dunƙule, bashin ya yi ta hawa. Ya fara a hankali bayan ƙaramar salla, ya yi tsalle da sanyi, lokacin da aka ƙara ƙwai biyu. Ya tsaya cik wata ɗaya.

Mai Shayi: Azumi ne.

Ɗan Boko: Layin biya kuwa yana kwance a sifili tun daga farko.

Alhaji: To ai dalilin shi ne, kuɗina suna hannun wani mutumin Marwa, kuma...

Mai Shayi: Alhaji, ba a son dalili.