Araha ba ta ado, ko a jirgin ruwa

Jiya mun kusa awa guda muna musu da wani abokina kan ƙungiyoyin ƙwadagon Birtaniya, GMB da Unite, da suka dage sai an riƙa ƙera jiragen rundunar sojan ruwan ƙasar a gida. Shi a ganinsa son kai ne kawai. In Koriya ta Kudu za ta yi maka aikin da rahusa, don me za ka ƙona kuɗin talakawa? Na ce masa, malam, araha ba ta ado.

A 2012 gwamnatin Birtaniya ta bai wa kamfanin Daewoo na Koriya kwangilar jiragen dakon mai huɗu, kan kuɗi sama da fam miliyan 450. A takarda an ci riba. To amma harajin ma'aikatan da albashinsu da cefanen iyalansu duk can suka tafi, kuma wannan ma ba shi ne babbar asarar ba.

Babbar asarar hannu ne. Mai waldan da zai haɗa ƙarfen jirgin yaƙi ba a wata shida ake yin sa ba. Yaro kan shekara uku zuwa huɗu yana bin maigidansa, yana ƙona yatsu, kafin a yarda ya taɓa wurin da ruwa zai iya shiga. Ranar da aiki ya yanke, maigidan ya yi ritaya, yaron ya koma tuƙin motar kaya, shi ke nan sana'a ta bi ruwa. Haka ta faru a Barrow, inda ake ƙera jiragen ƙarƙashin teku. An bar rata mai tsawo tsakanin ƙera jirage samfurin Vanguard da samfurin Astute, gwanaye suka watse, aikin ya makara, kuɗinsa ya hau, har sai da aka nemo kamfanin Electric Boat daga Amurka ya kama musu. Shi ya sa 'yan ƙwadagon ba su tsaya ga kwangila ɗaya ba. Abin da suke nema shi ne jeren aiki marar yankewa, da ɗaukar yara koyon sana'a, da amfani da ƙarfen gida.

Ba zan ɓoye ba, akwai inda nake jin ƙaiƙayi. Abincin gidanka ya dogara da ƙera makamai, wannan ba abin tafi ba ne, kuma na fi son in ji suna ƙara matsa lamba kan jiragen fasinja da turakun injinan lantarki na iska. Amma tunda ƙasa za ta sayi jiragen ko ta halin ƙaƙa, gara 'ya'yanta su ƙera.

Dubi kamfanin ƙera jirage na Harland & Wolff da ke Belfast, inda aka ƙera Titanic. A 2019 ya durƙushe. Ma'aikatan da suka rage, ɗari da 'yan kai, suka tare a bakin ƙofa ƙarƙashin manyan injinan ɗaga kayan nan biyu masu ruwan ɗorawa, Samson da Goliath, har mako tara, suna roƙon gwamnati ta karɓi wurin. Ta ƙi, wai harkar 'yan kasuwa ce. A 2024 ya sake durƙushewa, alhali yana cikin masu kwangilar jirage uku ta fam biliyan 1.6. Wa ya saye shi a farkon 2025? Navantia, kamfani mallakar gwamnatin Sifen.

Da na faɗa wa abokina wannan, sai ya ce shayinsa ya huce.