Mota na zabura da kanta, makanike na cewa "ba komai"

Wallahi na gaji da jin "ba komai" daga bakin masu gyaran mota a Kumasi. Mota ta zabura da kanta, ƙafarka ba ta kan totur, injin yana kururuwa, ka kai ta gareji jikinka na ɓari, a dube ka a ce ba komai. In kuwa mace ce, an yanke hukunci tun ba a ɗaga bonet ba: "Hajiya, ƙafarki ce ta zame." Ran mutane ake magana a kai fa, a garin da masu talla, 'yan makaranta, pragya da aboboya (kekuna masu ƙafa uku, na fasinja da na kaya) duk suke cakuɗe a kan titi ɗaya.

Tawa tsohuwar atomatik ce, hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, irin mai wayar totur. A cunkoson da ke tsakanin Aboabo da Asawase na ɗan taka don in matsa gaba, na ɗaga ƙafa, totur bai dawo ba. Gabana pragya ce cike da mata. Na danne birki da iya ƙarfina, na jefa giya firi, motar ta tsaya, injin na ta ihu har na kashe. Allah ne kaɗai ya kiyaye.

Da na kai ta, Masta ko tasowa bai yi ba. Yaro ya turo, yaron ya fesa wani abu a bakin injin, ya ba ta wuta, ya cire kan batir ya mayar, aka karɓi kuɗina. Na ce, "Masta, don Allah ka duba da kanka." Ya ce, "Hajiya, atomatik haka take, ki saba da ita." Ba a jima ba ta sake yi. Makanike na biyun da na je wa cewa ya yi sai an canza kwamfutar motar gaba ɗaya, alhali ko leƙa ƙarƙashin sitiyari bai yi ba. Har akwai mai ce mini in nemi addu'a, wai sammu ne. Addu'a kullum muna yi, amma Allah bai hana a duba ƙarfe ba. Sai wani dattijon makanike ya kama wayar totur da hannu ya ja, ya ji tana sarƙewa. Da ya zaro ta, silin ƙarfen cikinta sun tsintsinke, suna maƙalewa a cikin kube. Abin da hannu ɗaya zai gano, a kansa aka so in riƙa zargin ƙafata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wani gaibu ba ne. Dalilan sanannu ne, yawancinsu ido ma na ganinsu. Ka ɗauki tabarmar ƙasan mota. Mu nan sai mu shimfiɗa ta roba a kan ta asali saboda laka da ƙura, yaran wanki su cire, su mayar ba tare da sun maƙala ta a ƙugiyarta ba, ta yi ta zamewa gaba har ta hau kan totur ta danne shi. Wanda ya raina wannan ya ji: a watan Agusta na 2009, kusa da San Diyego a Amurka, wani ɗan sandan hanya da iyalinsa, mutum huɗu, suka mutu a cikin Lexus saboda tabarmar da ba ta motar ba ce ta riƙe totur. Bayan nan Toyota ta janye miliyoyin motoci don a gyara su a 2009 da 2010, wasu saboda tabarma, wasu saboda totur ɗin da ke nauyin dawowa. A 2014 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 saboda ya ɓoye wa jama'a abin da ya sani. Can an biya biliyan a kan maganar, nan ana ce mini in saba.

A tsofaffin motoci, bayan waya akwai sifirin da ke mayar da totur, yana saki ko ya karye. Akwai dauɗa da baƙin hayaƙi da ke taruwa a maƙogwaron injin har marfin iskar ya kasa rufewa, ga ƙurar hunturu tana ƙara masa, musamman in an bar matatar iska ta yage. Tiyon iska in ya tsage, injin kan riƙa hawa shi kaɗai ko mota na tsaye, ka sa giya ta fizge ka. Hatta robar da injin ke zaune a kai, in ta yanke, injin kan ɗaga ya ja hannun totur. A 1971 General Motors ta janye motocin Chevrolet fiye da miliyan 6 a kan haka. Wane ne a cikin waɗannan ya fi ƙarfin garin da ke da Suame Magazine, matattarar makanikai, inda ake kwance injin a ɗaure shi a yini guda?

Sababbin motoci ba su da waya, sensa ce ke gaya wa kwamfuta yadda ka taka. An yi su da sensa biyu masu tsaron juna, in suka saɓa sai motar ta rage ƙarfi ta kunna fitilar gargaɗi. To ina amfanin gargaɗin in makanike zai goge shi da cire batir, ko mai sayarwa ya cire ƙwan fitilar don kada mai saye ya gani? Motoci nawa ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema da suka yi haɗari ko suka sha ambaliya a can, wayoyinsu sun yi tsatsa, an jona su da salatif? A 2020 majalisar Ghana ta yi dokar hana shigo da motocin haɗari da waɗanda suka haura shekara 10, aka dakatar da aiki da ita. Maganar kwamfutar kanta kuwa har yau ana jayayya: binciken hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka da NASA a 2011 bai samu aibi a lantarkin Toyota ba, amma a 2013 wata kotu a Oklahoma ta ɗora wa kamfanin alhakin wani haɗarin Camry bayan ta saurari masana manhaja. Saboda haka mai cewa kwamfuta ce ya jona na'urar gwaji ya nuna mini, kada ya faɗa da ka.

Masu dizal nasu ya fi muni, kuma su ne ke ɗauke da mu a trotro, motocin haya. In tabo (turbo, mai cusa wa injin iska) ta fara yoyon baƙin mai, ko aka cika man injin ya wuce ƙima, injin kan koma shan man kansa, ya yi ta hawa da hayaƙi, ka murza makulli ya ƙi mutuwa. Sai an toshe masa iska, ko a sa babbar giya a danne birki a saki kuloci. Direba nawa aka taɓa gaya wa wannan?

Ban ce ƙafa ba ta kuskure ba. Tana yi, har binciken da aka yi kan Audi 5000 a Amurka a 1989 ya nuna yawancin direbobin totur suka taka suna zaton birki ne. Silifa na zamewa, gorar ruwa na gangarawa ƙarƙashin birki, masu tuƙa atomatik da ƙafa biyu suna rikicewa. Amma wannan hukunci ne da ake kaiwa gare shi bayan an duba komai, ba maganar da za a jefi mace da ita daga zaune ba.

Tunda su ba za su koya mana ba, ga shi: in ta zabura, danne birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka riƙa bugawa kana saki, don iskar da ke taimakon birki ƙarewa take idan totur na buɗe. Sa firi, bar injin ya yi ihunsa, gangara gefe, ka tsaya, sannan ka kashe. Kada ka zare makulli mota na tafiya, sitiyari zai kulle.

Masu sayar da hom-yus kuma ku ji tsoron Allah. Takardar janye mota adireshin wanda motar ke da rajista da sunansa ake kai wa a Amurka, ba ta zuwa unguwar Alabar. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, ana duba ta kyauta a intanet a ga ko an janye motar ba a gyara ba. Ku duba kafin ku miƙa wa mutum makulli. Ni dai daga yanzu makaniken da bai zaro abin da ya lalace ya ɗora mini a hannu ba, ko sidi ɗaya ba zai gani daga wurina ba.