Kajin Coton Sport

Duk mai kiwon kajin ƙwai a Garwa ta Kamaru ya san Agusta ba watan dariya ba ne. Masarar bara ta ƙare a rumbuna, ta bana tana gona ba ta nuna ba, kuɗin buhu kuwa kullum sai sama. Ita kaza ba ruwanta da kasuwa. Gram 110 zuwa 120 ne cinta a rana, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Nawa kajin 60 ne, wato kusan kilo 7 kullum ta Allah, kuma ba a taɓa jin kazar da ta ɗauki azumin nafila ba.

Gonar tamu gado ce, a kan hanyar Pitowa, ba nisa da kogin Binuwai. Rabi akurki, rabi lambun uwargida: alayyafo, yakuwa, kuɓewa, da zogale a jikin shinge. Tsarina, wanda har yau nake alfahari da shi, shi ne kashin kaji ya tafi lambu, ganyen lambu ya dawo wa kaji. Da la'asar nakan buɗe musu su miƙe ƙafa, su kuma su miƙe ta har cikin alayyafo. Uwargida ta yi magana, ta yi magana. Ni amsata ɗaya ce: "Ai taki suke kai miki har gida, ba kuɗin dako." Takan dube ni kawai.

To, ana cikin tsadar nan sai na kai kukana majalisa. Akwai wani abokina mai turkar shanu, ya ce, "Kai da kake zaune a garin auduga kake kukan abincin dabba? Ƙulin angurya fa? Dubi bijimaina." Na san bijimansa, kowa ma ya san su, sai an buɗe ƙyaure biyu suke fita. Kuma gaskiya ce ya faɗa, a nan ake matse man angurya, ƙulin da ya rage makiyaya ke saye, ga shi da gina jiki, ga shi bai kai masara da waken soya tsada ba. Ranar Lahadi na shiga kasuwar Pitowa na ɗauro buhu a bayan babur. Uwargida ta leƙa ciki ta ce, "Malam, araha fa ba ta ado." Na ce ba ado na saya ba, abinci ne.

Da fari kwano ɗaya nake zubawa cikin haɗi. Kaji suka cinye ba gardama. Na ƙara. Suka cinye. Mutum kuwa in ya ga lissafi yana yi masa murmushi ba ya iya tsayawa, kafin wani lokaci ƙulin ya kusa cin rabin haɗin. Ƙwai ya ɗan ja baya, daga kiret ɗaya da rabi ya doshi kiret ɗaya, amma na ɗora wa sanyin damina.

Babban mai sayen ƙwaina wani mai shayi ne kusa da filin wasa na Rumde Ajiya. Yakan ɗauki kiret da yawa ya jibge a firjin maƙwabcinsa mai sayar da lemo, musamman in Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu, za ta buga a gida, don ranar ko ruwan zafi ka dafa sai ya ƙare. A irin wannan rana ce, ana gab da magariba, wayata ta yi ƙara.

"Maigida, kana ina? Don Allah zo ka ga ikon Allah."

Na isa na tarar da teburinsa cike, amma ba mai ci. Kowa ya zagaye kofin da yake kaɗa ƙwai. Na leƙa. Gwaiduwa ce dai, ga ta a mulmule, sai dai launinta na miyar kuka da ta kwana. Farin kuma ya ɗan yi ja-ja. Ya fasa wani, haka. Ya fasa na uku yana kallona a ido, haka. Ba wari, ba komai, kore ne kawai cikin natsuwa. Wani matashi sanye da rigar ƙungiya, kore da fari, ya ɗaga kofin sama ya ce, "Jama'a, har kaji sun shigo layi!" Aka kwashe da dariya, aka yi tafi. Wani ya tambaye ni ko zakarana ne mai horar da su.

Ni kuwa ban yarda ba. Da ma akwai ƙwan ranar a akwatin babur, na ɗauko ɗaya na fasa a gaban kowa. Rawaya shar. Na ce, "To ga shi. Firjin maƙwabcinka za ka tuhuma." Mai lemo ya fito daga shago yana cewa firjinsa shekara nawa yana aiki bai taɓa rina wa kowa kaya ba. Aka yi ta yi har aka kira salla, aka tashi ba wanda ya ci shari'a, sai dai mai shayi ya ɗora mini ragowar kiret ɗinsa a babur.

A gida na fara ba da labari ina zagin firjin mutane, sai uwargida ta tashi ba ta ce komai ba, ta buɗe namu firjin, ta ɗauko cikin waɗanda ta ajiye wa Inna tun kwanaki, ta fasa a faranti ta ajiye a gabana.

Daga nan gida ya rabu biyu. Inna ta ce baki ne. "Kai ɗin nan kowa ka gani sai ka faɗa masa ƙwai nawa ka kwasa. Ina ka taɓa ganin an yi haka?" Washegari da sassafe ta sa aka kai ta gona, ta turara akurkin da hano har kaji suka riƙa atishawa, ta zuba ruwan tofi a mazubin ruwansu, ta kuma kafa mini doka kada in ƙara ambaton kaji a majalisa. Uwargida kuwa nata bayanin ya fi kama hankali. "Malam, abin da kaza ta ci shi ke sauka a ƙwai. Kore suke ci kullum, me kake so su haifa?" Na juya maganar ta kowace fuska na rasa inda zan kama ta. Satin nan na sayi waya da zana, na kira yara, muka kewaye lambu ta yadda ko ƙadangare sai ya nemi izini. Kuɗin shingen ya haɗiye duk rarar da ƙulin ya yi mini, har ya ɗora hannu a aljihu.

Ƙwai dai bai fasa zama kore ba.

Ana haka lokacin maimaita rigakafin cutar kaji ta Niyukasul ya zo, irin wanda ake yi a LANAVET, cibiyar haɗa rigakafin dabbobi ta Bokle, nan bayan gari. Likitan dabbobin da ke yi mini ya zo, ya gama aikinsa, sai na ja shi gefe na nuna masa abin da ke damuna, murya ƙasa-ƙasa saboda dokar Inna. Bai ko kalli kaji ba. Ya ce in nuna masa abinci. Ya zura hannu a buhu, ya murza, ya dube ni.

"Nawa kake sawa?"

Na nuna masa da hannu. Ya cire tabarau ya goge.

Ashe angurya tana da wani sinadari, gosifol, wanda ita audugar ke kare kanta da shi daga ƙwari. Babban bijimi yana da tumbi, ƙwayoyin da ke ciki suna ɗaure yawancinsa kafin ya shiga jini, shi ya sa bijiman abokina ke ta ƙiba. Kaza ba ta da tumbi. Sinadarin sai ya bi ya sauka a gwaiduwa, ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ke cikinta, in ƙwai ya kwana biyu a ajiye, musamman a sanyi, launin ya fito. Shi ya sa na ranar ke fita rawaya ya wanke ni a gaban jama'a, na firji kuma ya tona. Jan da ke cikin farin kuma daga ragowar man anguryar ne. Ya ce masu haɗa abincin kajin ƙwai in za su sa ƙulin ɗan kaɗan suke sawa, wasu har su ƙara gishirin ƙarfe don ya riƙe gosifol ɗin tun a ciki.

Na ce, "To Dokta, alayyafon fa?"

Ya ce, "Wane alayyafo? Ganye ai shi ke ƙara wa gwaiduwa rawaya. Ka ba su zogale ma."

Na koma masara ina ji ina gani. Ragowar buhun na kai wa abokina, ya karɓa ba ko kunya, yana cewa shi bijimai ya ce in duba, bai ce in duba kaji ba. Bayan 'yan makonni ƙwai ya dawo daidai, Inna ta ce ai da ma hano ba ya ƙarya, ta kuma karɓi kiret guda ladan aiki. Mai shayi ya dawo da ciniki, amma har yau in na tsaya da babur yaransa sai su ɗaga murya, "Ga na Coton Sport ya iso!" Akwai ma wanda ya tsare ni da gaske yana tambaya ko zan iya yi masa kiret biyu kore ranar wasan ƙarshe.

Saura shinge. Na sami uwargida tana tsinkar yakuwa, na maimaita mata bayanin Dokta tiryan-tiryan, har da tumbi da ƙarfe, na ce tunda an wanke alayyafo sai a buɗe wa kaji ƙofa.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai na san ba alayyafo ba ne, Malam. Shekara guda suna ci, ka taɓa ganin kore? Rufe ƙofar in za ka fita."