Shara a ɗakin gwaje-gwaje

Akwai wata ƙaramar manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python, mai buɗaɗɗen tushe (wato kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta ya kuma taimaka wajen gyara ta), da nake amfani da ita wajen lissafin kwanan wata, sai na ga masu kula da ita suna neman wanda zai tsara musu gwaje-gwajensu masu gudana da kansu, waɗanda aka jibge a folda ɗaya. Sun rubuta cewa aikin ya dace da sabon shiga, ni kuwa na amsa kafin wani ya riga ni.

Na raba gwaje-gwajen gida-gida, na kwanan wata daban, na ma'ajiyar bayanai daban, sannan na kunna pytest, manhajar da ke gudanar da gwaje-gwajen, ina jiran koren layi mai nuna komai ya wuce lafiya. Nan take ya ƙi motsawa, domin fayiloli biyu a folda daban-daban sun ɗauki suna ɗaya, kuma idan babu wani fayil mai suna __init__.py a cikin foldar ba ya yarda da takwarori. Wannan bai ci lokaci ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne jan layin da ya biyo baya, alamar gwaje-gwaje suna faɗuwa, alhali ban taɓa layi ko ɗaya na manhajar ba. Ashe pytest yana bin fayiloli bisa jerin haruffan sunayensu, kuma shekara da shekaru wani gwaji da ke kan gaba yana zuba bayanai a ma'ajiya ba ya sharewa, na bayansa suna ci daga abin da ya bari. Zamansu irin na 'yan gidan haya ne masu guga ɗaya: da na sauya wa mai gugan ɗaki, kowa ya rasa ruwan wanka. Na kwashe shirye-shiryen da suke tarayya a kai na zuba a conftest.py, fayil ɗin da pytest ke ɗauko irin waɗannan shirye-shirye daga ciki, yadda kowane gwaji zai samu tsaftatacciyar ma'ajiya tasa, sannan na ƙara pytest-randomly domin ya riƙa cakuɗa jerin, duk mai raɓewa a jikin wani asirinsa ya tonu.

Saura guda ɗaya, wanda yake faɗuwa a kwamfutata kaɗai, yana kuma wucewa lafiya a GitHub Actions, tsarin da ke gudanar da gwaje-gwajen a kwamfutocin intanet. Wutar unguwarmu ta fi zuwa da tsakar dare, don haka lokacin nake aiki. Gwajin yana kwatanta ranar da ke kwamfutar da ranar agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, Nijeriya kuwa tana gaban UTC da awa ɗaya, saboda haka daga sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya ni ina Talata, agogon yana Litinin.

Na ɗauki hoton jan layin da sha biyu da rabi na tura wa babban mai kula da manhajar. Ya amsa da ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna, cikin ladabi, yana roƙon in sake gwadawa muna tare a kan layi. Na sake, komai ya yi kore, sai ya ba ni shawarar in riƙa samun isasshen barci.