Allah ya yi wa yaron nan albarka

Wallahi labarin matashin nan da ya bar gida yana yawo ƙasa-ƙasa, yana aiki a gonakin mutane, ya taɓa min zuciya. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1971 aka fara WWOOF, shirin aikin sa-kai a gonaki, a Ingila: ka yi aikin gona na 'yan sa'o'i, a ba ka abinci da makwanci. Ni hannunsa na tsaya kallo a hoton da ke cikin labarin, duk ya yi kanta, ƙasa ta cika farce. Wanda ya tashi da asuba ya juya tarin taki, ya ji ɗumin ruɓewa na bugun fuskarsa, ba zai ƙara raina manomi ba. Iyaye, don Allah ku bar yaran nan su fita su gani.