Hutun ƙarshen mako ba a kanti ake sayensa ba

Wannan bidiyon da ke yawo tun daren jiya, na saurayin nan da ya ɗaga rasit yana cewa duk magidancin da ba zai iya fitar da iyalinsa ya kashe musu dubu hamsin ranar Asabar ba to ya daina kiran kansa maigida, wallahi ya ɓata mini rai. Kuɗinsa ne, Allah ya ƙara masa buɗi. Abin da ya sosa ni shi ne abin da na gani a ƙasan bidiyon: mata na kiran sunan mazajensu su zo su gani, mazan kuma sun yi tsit kamar an kama su da kayan sata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne tun Yulin 2024, kuma kowa ya san yadda rayuwa ta koma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Mutumin da ke fafutukar kai buhun masara ƙarshen wata, shi za a sa wa jin kunya don bai kai yara cin shawarma ba? Wannan zalunci ne.

Abin da yaro ke nema a wurin ubansa ranar Asabar lokaci ne. Lokaci kuma ba a sayensa da kuɗi.

In kana cikin birnin Kano, ga Dala nan tsaye. Ku yi sallar asuba, ku ɗan kishingiɗa, ku fita da ƙarfe shida da rabi. Kar ku wuce ƙarfe takwas ba ku fara hawa ba, domin da rana ta ɗaga dutsen na ɗaukar zafi, yaran za su galabaice tun kafin a kai rabi, fitar ta koma kuka da rigima. Ruwa daga gida za a ɗauko, gora ɗaya ga kowane mutum biyu. In babu wuta balle firji, a jiƙa tsumma a naɗe gorar tun dare a ajiye ta inda iska ke bugawa, za ta yi sanyi. Takalmi mai kama ƙafa za a sa, ban da silifas, saboda a saukowa ne ake zamewa, ba a hawa ba. Yaron da bai kai shekara shida ba a riƙe hannunsa, musamman a can sama kusa da gefe. Lokacin hunturu hazo na rufe garin, ba za ku ga abin kirki ba. Ranar da ta fi ita ce washegarin da aka kwana ana ruwa, ka ga Goron Dutse tar, ka ga koren tulluwar Babban Masallaci, ka ga rufin gidaje har inda ido ya tsaya. A nan ne za ka zaunar da su ka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda a shekarar 999. Abu ɗaya da ke ɓata wannan shiri: Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, ana hana zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. In irin wannan Asabar ɗin ta zo, a mayar da fitar Lahadi.

Na san wani zai ce ai kuɗin adaidaita ma kuɗi ne. To wa ya ce lallai sai Dala? Ka duba abin da ƙafarka za ta kai ka cikin rabin awa. Na kusa da Ƙofar Mata ya taka zuwa marina, wadda ke nan tun 1498, yara su ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a rijiyar baba, a ɗago shi ya sha iska, a sake tsomawa, har launin ya kama. Su ji ƙarar mabuga. Ka yi sallama ka gaisa da mutane tukuna, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, don wurin sana'arsu ne, kuma kar ka tsayar da mutum awa guda yana yi maka bayani alhali ba ka da niyyar ba shi komai. Kallo da gaisuwa sun wadatar. Bakatsine na da Gobarau, Bazazzagi na da Kufena, mutumin Daura na da Kusugu. Wasu wuraren akwai masu kula da su da ake ba ɗan abin hannu, sai ka tambaya tun daga bakin ƙofa.

Wata kuma za ta ce yara fa sai da ɗan abin taɓawa. Gaskiya ne, amma daga abin da ke cikin gida. Ɗanwake ya isa a yi shagali da shi. Gwangwani biyu na garin ɗanwake, ko filawa in ita ce a hannu, cokali biyu na kuka, sai ruwan kanwa kaɗan da aka jiƙa aka tace. A kwaɓa ya yi tauri daidai yadda za a iya gutsura da yatsu. Sai ruwa ya tafasa sosai kafin a fara sakawa, in ba haka ba narkewa zai yi ya zama kunu. In kanwa ta yi yawa zai yi ɗaci ya yi duhu, in kuka ta yi kaɗan ba zai yi santsi ba. Bayan ya taso sama a bar shi kamar minti goma, ana yayyafa ruwan sanyi in kumfa zai zube, sannan a tsame cikin ruwan sanyi. Mai, yaji, albasa, shi ke nan. Ku bar yaran su yi sakin da hannunsu, manyan cikinsu, kina tsaye a kansu. Wanda ya saka da kansa ba ya cewa bai ƙoshi ba.

Da la'asar a haƙa dara a tsakar gida ko ƙofar gida. Gurbi talatin, layi biyar kowanne da shida. Kowa 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya ɗauki tsinkaye, ɗaya tsakuwa ko ƙwallon dabino. Ana fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jera uku lokacin dasa. In an gama sai a fara turawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokin wasa. Jera huɗu ba ci ba ne, a nan sababbin hannu ke faɗawa. Yaro ɗan shekara takwas zai koya a zama ɗaya, kuma ranar da ya fara cinye babansa ba zai manta da ita ba. 'Yan mata ga carafke da 'yar gala-gala, tsakuwa kawai ake buƙata da gawayin da za a zana ƙasa.

Lahadi kuma ta zumunci ce. Akwai gwaggo ko kawu a unguwar da ke kusa da rabonka da su tun sallah. Wai ana jin nauyin zuwa hannu rabbana. Wa ya kawo mana wannan? Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ɗaki ba lemon kwalba take jira ba, so take ta ji an yi sallama, ta ga jikoki sun durƙusa sun ce "Ina wuni, Hajiya", a share mata tsakar gida, a cika mata randa. Zumunci a ƙafa yake, haka muka taso muka ji.

Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, a tara wayoyi duka a kwano ɗaya a kife, har da ta maigida, don data ma kuɗi ce kuma ita ke cinye hirar. A ce "Ga ta nan ga ta nanku", a ga ko yaran sun san amsar. Da yawa ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Masu cewa ai wannan duk dabarar talaka ce ta rarrashin kansa, ku riƙe maganarku. Wanda Allah ya hore wa ya fita da iyalinsa, babu mai hana shi. Amma ana nan ana cin bashin manhajar waya mai kuɗin ruwa don a fita a yi hoto, Litinin ta zo babu kuɗin cefane, sati ya zagayo ana buga wa 'yan'uwanka waya ana tozarta ka. Irin wannan bidiyon ne ke tura mutane can. Maigida shi ne wanda ya ciyar, ya tufatar, ya zauna da iyalinsa.

Sannan tun da maganar Dala ta taso, duk wanda ya hau don Allah ya sauko da ledarsa da gorarsa. Ku kuma dubi badala a hanya. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara ɗari tara ke nan, yau wani wurin an ɗebe ƙasarta, wani wurin an kafa shago, wani wurin ta zama juji. Ka tsayar da ɗan sakandare ka ce ya lissafa maka ƙofofin gari biyar, zai ce Nasarawa, Kabuga, Ƙofar Mata, daga nan sai ya fara kallon sama, alhali kullum ta Ɗan'agundi ko Na'isa yake wucewa zuwa makaranta.